'Yar Gangar Baban Rhoda

Maharazu ya zo London a shekarar 1972 da tallafin karatu na gwamnatin jiharsu, da akwati ɗaya, da wani kwat da telansa na Fagge ya rantse zai tare sanyin kowace ƙasa. Bai tare ba. Makonnin farko a masaukin ɗalibai ya yi su, kafin a ce masa wa'adinsa ya cika, ya nemi wurin zama. Nan ya shiga yawon neman ɗaki. Zai ga sanarwa a tagar kanti, ya buga waya a ce ɗaki yana nan, ya je ya ƙwanƙwasa ƙofa, matar gidan ta leƙo ta dubi fuskarsa ta ce an riga shi.

Wata Asabar da rana, a cikin bas a Old Kent Road, ya zare takalmi ɗaya yana matsa yatsun ƙafarsa, ya ce a fili, ba da kowa yake ba, "Wayyo Allah, garin nan zai kashe ni."

"Ba zai kashe ka ba," in ji wata murya daga bayansa. "Wahalar da kai dai zai yi."

Da ya waiwaya sai ya ga wani gajeren mutum mai faɗin kafaɗa, da hular ulu, da hannaye duk kanta. Sunansa Bot, mutumin Bukuru, ɗan wani mai haƙar kuza. Karatun injiniya ya kawo shi tun kafin yaƙin basasa, tallafinsa ya yanke a tsakiyar hanya, bai koma gida ba. Ya sami aiki a wata tsohuwar ma'aikata a bakin kogi inda ake ƙera gangunan katako. Mafi yawansu kamfanonin giya ne ke saye, wasu kuma masu gishirta kifi da nama. Kafin bas ɗin ta kai Woolwich, Bot ya gama jin labarin Maharazu kaf.

"Muna da ɗaki a sama, a Plumstead," ya ce. "Mu Kirista ne, ka sani tun yanzu. Kuma na faɗa maka inda nake aiki. In babu damuwa, zo ka gani."

Maharazu ya ce babu damuwa, kuma har zuciyarsa ya faɗa.

Gidan siriri ne, a wani layi mai gangara. Bot da matarsa Dinatu da 'yarsu Rhoda suna ƙasa, sama kuma ɗaki biyu ne da wani lungu mai risho da wurin wanke-wanke. Dinatu tana aikin taimakon nas a asibiti. Ranar da Maharazu ya tare, ita ta sayo sabuwar tukunya da sabon cokali ta ce na girkinsa ne, ba za a haɗa su da komai ba. Bot kuwa ya hau sama da wata tsohuwar taswira, suka yi ta juya ta har suka gano alƙibla, ya ɗan zana alama a jikin bango da fensir. Tun daga ranar yake kiransa ƙanena. Maharazu yana ce masa Yaya Bot.

Bayan 'yan watanni aka turo masa matarsa, Murja. Bot ne ya raka shi Croydon kan maganar takardunta, ya ɗauki hutun yini guda don haka, suka wuni a layi suna cin gyaɗa daga aljihun kwat ɗin Bot.

Murja ta jure sanyi, ta jure rashin rana, amma ruwan London ya gagare ta. Ta ce warin magani yake yi, kuma ruwan da bai kwana a randa ba ba ya kashe mata ƙishi. Ta gwada ajiye shi a bokitin roba, ya ɗauki warin roba. Na firij ɗin Dinatu kuma ta ce haƙora yake kashe mata. Wata rana suna zaune a kicin ɗin ƙasa tana wannan ƙorafi, Bot ya ce, "Bari, amarya. Zan kawo miki keg."

Murja ta yi godiya. Da suka hau sama ta ce wa mijinta, "Baban Rhoda akwai kirki, amma ina ruwan kek da ƙishirwa? Ai ƙara min zai yi."

Maharazu ya yi dariya har sai da Bot ya ɗago murya daga ƙasa yana tambaya ko lafiya. Da aka faɗa masa, shi ma ya zauna a kan matakala yana share hawaye.

Sai da aka ɗan kwana biyu kafin ya kawo ta. Ya shigo da ita a kafaɗa ranar wata Juma'a da yamma, ya dire a tsakiyar ɗakin sama. Tsayinta bai wuce gwiwar mutum ba, cikinta a kumbure, an ɗaure ta da zobban ƙarfe, ga murfi a sama, ga ɗan famfon katako a ƙasa. Ƙamshin sabon itace ya cika ɗakin.

"Ƙanena, zo ka shinshina," in ji Bot. "Da hannuna na yi ta, lokacin hutun cin abinci. Sabon katako ne daga fari har ƙarshe. Ko ɗigon giya bai taɓa ta ba, ko kusa da ita ban bari an ajiye ba. Ina so ka ji wannan daga bakina, don kada wata rana zuciyarka ta yi maka wasiwasi."

"Haba Yaya Bot, ai ko ba ka faɗa ba."

"Gara dai in faɗa."

Ya koya wa Murja yadda za ta yi: ta cika ta da tafasasshen ruwa, ta bari ya kwana, ta zubar, ta sake, har ɗacin itacen ya fita. Kada kuma ta taɓa barin ta babu ruwa, don in katakon ya bushe zai saki, ta riƙa yoyo. Murja ta zagaya ta tana shafawa.

"To yanzu mene ne sunanta da Hausa? Don ni ba zan iya ce mata kek ba."

"Ganga ce," in ji Maharazu.

"Ganga ta kiɗa ce."

"Ita ma ganga ce. Da ta kiɗa da ta zuba kaya duk sunansu ɗaya."

Bot ya ce a wurin aikinsu kowace girma da sunanta. Akwai wadda mutum zai rungume, akwai wadda sai an mirgina, akwai wadda babban mutum zai shige ciki ya tsuguna, kuma in ka kira wata da sunan wata sai tsofaffin wurin su yi maka dariya. "Mu kuwa ganga ce kawai. In ta yi girma mu ce ƙatuwa, in ta ƙanƙance mu ce 'yar."

"Shi ke nan," in ji Murja. "'Yar ganga."

Dinatu, wadda ta tsaya a bakin ƙofa da kayan aikinta a jiki, ta ce ita gangar da ta sani yanzu ita ce gangar jikinta, kuma duk ciwo take yi, a ba ta ruwa ta ɗanɗana ko da ɗacin ne.

'Yar gangar ta zauna a lungun da rana ba ta kaiwa, a kan bulo biyu. Ruwanta ba irin na randa ba ne sak, Murja ta faɗi haka, amma yana da sanyi mai laushi da ɗan ƙamshi, kuma ta daina ƙorafi. Da azumi ya zo ta jiƙa tsamiya da citta a ciki, ƙamshin ya kama katakon bai sake fita ba. Rhoda, wadda ba ta kai shiga makaranta ba, ta gano cewa in ruwan ya yi ƙasa murfin yana amo, sai ta riƙa hawowa da cokula biyu tana kaɗawa har a kore ta. In baƙi sun yi yawa kujera ta ƙare, a kanta Maharazu yake zama.

A wannan hunturun ne farashin mai ya yi tashin da bai taɓa yi ba. Maharazu, wanda tattalin arziki yake karantawa, ya riƙa shigowa da jarida yana fassara musu: gangar mai ta ninka, ta sake ninkawa, ƙasarmu za ta yi kuɗin da ba ta san inda za ta kai su ba.

"Wace gangar?" in ji Murja. "Irin tamu?"

"Ta fi ta girma nesa. Kuma ba ganga ce ta gaske ba, awo ne kawai. A bututu man yake tafiya, ya shiga jirgin ruwa. Babu mai ganin gangar."

Bot ya girgiza kai. "Duniya duk tana rigima a kan gangar da ba a gani. Mu masu yin wadda ake gani kuwa, jiya aka sallami mutum uku. Kamfanoni sun koma ta ƙarfe."

Ba a daɗe ba Murja ta haihu, mace, aka sa mata Karimatu. Babu uwa kusa, babu inna, babu gwaggo. Dinatu ce ta ɗauki hutu ta zauna da ita. Ita ta riƙa dafa ruwan wankan jego a manyan tukwane tana hawa da su matakala, da babu ganyen darbejiya ta yi da tawul. Ita ta bi kantunan Old Kent Road har ta samo kanwa ta dama kunu. Ranar suna ɗalibai suka cika gidan har matakala. Wani ɗan zangon Kumasi mai aikin jirgin ruwa ya ce taro ba kiɗa ba taro ba ne, ya juye ruwan 'yar gangar a tukwane, ya kife ta tsakanin cinyoyinsa ya kama kaɗawa da tafin hannu. Bot ya yi rawa irin ta mutanen dutse, yana dira ƙafa har maƙwabciya ta buga bango. Da aka watse Bot ne ya fara tunawa, ya ce a yi maza a mayar mata da ruwa kada ta bushe.

Shekara biyu suka wuce a haka. Karimatu ta fara tafiya, kuma ta fi zama a ƙasa fiye da sama. A bayan Dinatu take barci.

A lokacin London ta cika da 'yan Najeriya masu zuwa sayayya da ganin likita. Abokan karatun Maharazu da suka riga shi komawa sun riƙa aiko da labarin mota da gida da muƙami. Shi ma ya kusa gamawa, kuma duk tunaninsa ya koma kan inda zai faɗa in ya koma. Mutum ɗaya ne yake ganin zai iya buɗe masa ƙofa: Alhaji Uwaisu, kawun Murja, wanda yanzu yake cikin manyan wani kamfanin dillancin mai a Legas. Mutum ne mai tsanani, kuma tun farko bai so aka ba wa ɗalibi Murja ba.

A bazarar 1976, lokacin da aka yi wani zafi da tsofaffin Turawa suka ce ba su taɓa gani ba, Alhaji Uwaisu ya zo ganin likita. Ya aiko cewa zai zo ya ga 'yarsa ranar Lahadi. Maharazu ya kwana biyu yana gyaran ɗaki. Ya aro labule, ya ɓoye tsofaffin takalma, ya roƙi Bot ya taimaka da ƙanƙara daga firij idan sun dawo daga coci.

Alhaji ya iso da azahar a baƙar tasi, ya hau matakala yana haki, ya zauna ya dubi ɗakin sama da ƙasa. Ya ɗauki Karimatu ya yi mata addu'a. Ya ci tuwon da Murja ta yi da garin semolina, ya ce ba laifi. Ya tambayi Maharazu karatu, ya ce akwai wani gurbi da zai buɗe a ofishinsu na Kaduna, za a gani. Maharazu ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji.

Sai Alhaji ya nemi ruwa. Murja ta ɗauki kofi ta nufi lungu, ta tsuguna ta murɗa ɗan famfon. Daga inda yake zaune yana hango ta.

"Ke, dakata. Mene ne wancan?"

"'Yar ganga ce, Kawu. Ruwa muke ajiyewa, da tsamiya."

Ya tashi da kansa ya je ya duba. Ya ƙwanƙwasa ta da sandarsa. "Irin wannan na gani jere a bayan masu sayar da giya a otal ɗin da na sauka. Har da famfon. Maharazu, gangar giya kake shayar da 'yata da jikata a ciki? Abin da London ta koya maka ke nan?"

"Kawu, wallahi giya ba ta taɓa..." Murja ta fara.

"Ba da ke nake ba."

Maharazu ya san amsar. Kalmomin Bot suna nan a kunnensa kamar ranar aka faɗe su. Abin da ake bukata kawai ya ce sabuwa ce, yayana ne ya yi mana ita da hannunsa. Amma ya dubi fuskar Alhaji, ya ga gurbin Kaduna yana rufewa, ya ga tambayoyin da za su biyo baya: wane yayan, a ina yake aiki, me ya haɗa ku. 

"Ranka ya daɗe, ai ba tamu ba ce," ya ce. "Ta mutumin ƙasa ce, mai gidan. A wajen masu giya yake aiki, kun san su da tarkacensu. Shi ya ajiye ta nan, mu kuma ba yadda za mu yi, gidansa ne. Haƙuri kawai muke yi da su kafin mu tashi."

Murja ce ta fara ganinsa. Bot yana tsaye a bakin ƙofa cikin kwat ɗinsa na coci, da kwanon ƙanƙara a hannu biyu. Ba wanda ya san tun yaushe yake wurin, amma fuskarsa ta nuna ya ji abin da ya isa.

Ya shigo ya ajiye kwanon a kan tebur. Ya rusuna ya gaida Alhaji, ya yi masa sannu da zuwa, ya tambayi jiki da mutanen gida. Alhaji ya amsa a taƙaice. Sannan Bot ya juya wajen Maharazu.

"Malam Maharazu, a yi haƙuri da tarkacen. Bari in kwashe."

Ya sunkuya ya ɗaga 'yar gangar da ruwanta, ya saɓa a kafaɗar kwat ɗin. Murja ba ta gama rufe famfon ba, ruwan tsamiya ya riƙa zuba a bayansa yana bin matakala har ƙasa. Karimatu ta bi shi tana kiran Baba, Murja ta kamo ta.

Alhaji ya sha ruwan famfo da ƙanƙarar Bot a ciki. Kafin ya tafi ya ce ya ji daɗi da abin ba halin Maharazu ba ne, amma su gaggauta barin gidan.

Da tasi ta tafi, Murja ta ɗauko tsumma ta durƙusa tana goge matakala ɗaya bayan ɗaya. Maharazu ya tsaya a samanta.

"Kin san ba har zuciyata ba ne. Kin san halin Kawu."

Ba ta ɗago ba. "Matar da ta yi min wankan jego. Ita muke haƙuri da ita?"

"Zan yi masa bayani."

"Sauka ka yi. Ga shi can."

Bai sauka ba. Ya ce bari ran mutumin ya huce tukuna. Washegari ya ce bari ya gama jarrabawar da ke gabansa. Bot bai canza komai da za a kama ba. Yana gaisuwa da safe, yana ɗaukar Karimatu, ya gyara musu tagar da ta maƙale. Sai dai bai sake hawowa sama ya zauna ba, kuma bai sake cewa ƙanena ba. Dinatu takan hawo in Maharazu ba ya nan. In ta ji motsinsa a ƙofa sai ta tuna ta bar tukunya a wuta.

'Yar gangar tana bayan gida, a jikin katanga, cikin wannan rana, babu ruwa. Murja tana ganinta ta taga. Katakon ya yi fari, ya fara buɗewa, zobban suka saki. Wata Asabar da safe ta ga Bot ya fito da guduma. Ya daɗe a tsaye a kanta. Sannan ya ɗan bubbuga zoben sama, ya zare shi, ya zare na biyu, katakan suka baje a ƙasa kowanne ya kama gabansa. Ya tattara su ya ɗaure da igiya ya kai cikin rumfar kaya. Murja ta saki labule ta zauna a bakin gado ta yi kukanta. Ba ta faɗa wa mijinta ba sai bayan shekaru.

Sau ɗaya Maharazu ya gwada. Ya tare Bot a bakin ƙofa yana ɗaura takalmin aiki.

"Yaya Bot, maganar ranar nan..."

"Ba komai, Malam Maharazu. Baƙo ne babba, dole ka kare kanka."

"Ba haka nake nufi ba."

"Na sani. Zan makara, bas ba ta jira."

Da Bot ya zage shi, da ya sami abin kamawa ya roƙi gafara. Amma an ce masa ba komai, shi kuma ya karɓa, don karɓar ta fi sauƙi.

Takardar aikin Kaduna ta zo kafin sanyi ya shiga. Ranar tafiya Bot ne ya sauko musu da akwatuna ya jera a tasi. Dinatu ta goya Karimatu tun safe ta ƙi sauke ta, sai da direba ya yi ta danna ham. Ita da Murja suka rungume juna a tsakiyar layi suna kuka, ba su damu da masu leƙe ta taga ba. Bot ya miƙa wa Maharazu hannu.

"Allah ya kiyaye hanya. A gaida gida."

Maharazu ya riƙe hannun, ya buɗe baki, ya ce, "Na gode da komai." Tasi ta tashi.

Aiki ya karɓe shi. Ya sami gida a unguwar manya, da mota, da mai gadi. Ya sha zama zai rubuta wa Bot, ya rasa ta inda zai fara, ya ce irin wannan magana sai ido da ido. Murja da Dinatu kuwa suna gaisawa ta hannun matafiya, ana kai yaji da daddawa, ana kawo rigunan yara.

Sai a 1979 kamfani ya tura shi London taro. Ya sayi agogo mai tsada a wani kanti a tsakiyar gari, ya tsara maganarsa tun daga jirgi, ya hau bas zuwa Plumstead don ya ji kunyar zuwa a tasi. Wata yarinya doguwa ta buɗe ƙofa. Ya ce, "Rhoda, kin gane ni?" Ta dube shi, ta juya ta kira uwarta da Turanci, ta ce wani mutum ne.

Dinatu ta rame, furfura ta fito mata a goshi. Ta yi masa maraba, ta tambayi Murja da Karimatu, ta tambayi ƙanin Karimatu da ba ta taɓa gani ba. Sannan ta faɗa masa. An rufe ma'aikatar bara. Bot ya koma dako a wata kasuwar kayan gwari, yana fita tun asuba. Wata rana ya faɗi a wurin aiki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke.

"Me ya sa ba ku aiko ba?"

"Shi ya hana. Lokacin yana iya girgiza kai, na tambaye shi, ya girgiza." Ta miƙe. "Zo, yana ciki."

Bot yana zaune a kujera kusa da taga a ɗakin baya, an rufa masa bargo a gwiwa. Kafaɗun nan sun zube. Hannun dama yana kwance a cinyarsa, kantar duk ta baje, ya yi laushi kamar na yaro. Ya ɗago ido ya dubi mai shigowa, kuma Maharazu ya tabbata ya gane shi.

Ya durƙusa a gabansa. Duk abin da ya tsara ya gudu. Ya ce, "Yaya Bot, ƙarya na yi ranar nan. Ka san ƙarya na yi. Kai ka ɗauke ni daga titi, ka ba ni ɗaki, matarka ta zama uwar matata. Na ji tsoron mutum, na sayar da kai a gabansa. Ka yafe mini don Allah."

Bot ya daɗe yana kallonsa. Gefen bakinsa ya motsa, wani sauti ya fito wanda ba kalma ba ne. Ya sake gwadawa, bai fita ba. Sai ya mayar da idonsa taga.

"Me ya ce?" Maharazu ya tambayi Dinatu.

"Ban sani ba, Baban Karima. Wani lokaci ina ganewa, wani lokaci ba na ganewa. Ba zan ƙirƙira maka ba."

Ya zauna har la'asar. Dinatu ta kawo shayi, ta ba mijinta nasa da cokali tana goge masa haɓa. Agogon yana aljihun Maharazu. Ya dubi hannun da zai ɗaura shi, ya bar shi a inda yake. Da zai tafi ya ce zai dawo kafin ya bar gari, amma taro ya ja, jirgi ya zo, bai dawo ba. Bot ya rasu kafin shekarar ta ƙare, aka binne shi a can.

Ranar da Maharazu ya koma Kaduna daga wannan tafiya, ya tarar da Murja a baranda tana yi wa Karimatu kitso. Ya zauna ya ba ta labari duka, bai rage komai ba. Ta saurara hannunta bai tsaya ba.

"Ka faɗa masa dai?"

"Na faɗa."

"Ya amsa?"

"Ya yi ƙoƙari."

Ta ja wani layin gashi ta raba shi da tsinke. Can ta ce, "Yaya Dinatu fa, wa ke taya ta ɗaga shi in za ta yi masa wanka?"

Sai a lokacin Maharazu ya tuna. Duk zaman da ya yi a gidan, bai tambayi Dinatu wannan ba.